Naira da Sefa: Canjin da Ke Yanke Farashi a Kasuwar Tarauni

Magidanci a Gyaɗi-Gyaɗi zai iya tsufa bai taɓa riƙe takardar sefa ba, amma da wuya wata ya wuce bai biya kuɗin canjinta ba. Waken da uwargida ke aikawa a auno a kasuwar Tarauni, da dabinon buɗa-baki, da kanwa, da ragunan da ake ɗaurewa a gefen titin Zariya idan Babbar Sallah ta gabato, da yawansu daga Nijar suka ƙetaro, kuma da sefa aka fara yi musu kuɗi. Kafin su iso hannun mai awo ko dillali, wani ya tsaya gaban ɗan canji a Wapa ko Maigatari ko Jibiya ya yi tambayar da ake yi kowace safiya: "Alhaji, yau nawa jaka?"

Jaka ita ce sefa dubu ɗaya. A 1980, bisa farashin gwamnati, ba ta kai naira uku ba. A 2024 ta haura naira 2,500. Mutane kan kalli wannan tazara su ce Nijar ta yi arziki ko Najeriya ta talauce, alhali maganar ta fi haka zurfi. Ƙasashen biyu kowace hanyar da ta bi da kuɗinta daban ce. Ɗaya ta ɗaure nata a jikin kuɗin Turai, ta samu kwanciyar farashi ta rasa ikon juya shi. Ɗayar ta riƙe ikon a hannunta, ta jingina darajar kuɗin ga man fetur da shawarar masu mulki. Talakan da ke kasuwa a ɓangarorin biyu shi ke ɗaukar nauyin kowace hanya.

Lokacin da kuɗin ɗaya ne

Kafin zuwan Turawa, bafataken da ya tashi daga kasuwar Kurmi ya nufi Damagaram ko Maraɗi ba ya neman ɗan canji, domin wuri ake kashewa a nan da can. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Ana ƙirga shi ana zubawa a keso, kowane keso dubu ashirin. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya. Wato tun a lokacin Kano ta san canji, sai dai tsakanin wuri ne da azurfar da ke zuwa ta hamada, ba tsakanin Bahaushe da ɗan'uwansa ba.

Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla daga 1890 zuwa 1906 su suka ja layin da ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Daura da Damagaram. Layin yana da tsawon kusan kilomita 1,500, kuma bayansa kuɗi ma suka rabu. A 1912 Ingila ta kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, fam da sule da sisi da taro da kwabo da anini suka mamaye kasuwannin Kano, musamman da jirgin ƙasa ya iso cinikin gyaɗa ya buɗe. Da yake Bature ya ce da sule za a biya haraji, wuri ya mutu a hankali. A arewacin layin kuwa faran na Faransa aka shigo da shi. Har yau mutumin Maraɗi da dala yake lissafi, kowace dala sefa biyar: in ya ce dala ashirin sefa ɗari yake nufi, dala ɗari biyu kuma su ne jaka. Baƙon da bai san wannan ba yakan rikice a cinikinsa na farko.

An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945. Da farko sefa ɗaya faran 1.70 ce ta Faransa, a 1948 ta koma faran biyu. Da Faransa ta sauya kuɗinta a 1960, lissafin ya zama sefa 50 a faran ɗaya, kuma a nan ya tsaya cik har 1994. Baitulmalin Faransa ya yi alkawarin canza sefa zuwa faran a wannan farashi komai yawanta, su kuma ƙasashen suka yarda su ajiye wani kaso na kuɗinsu na waje a Paris. Nijar ta samu 'yanci a 1960 ta ci gaba da zama a cikin wannan tsari, ƙarƙashin babban banki guda, BCEAO, wanda hedikwatarsa ta koma Dakar a 1978.

Najeriya ta ɗauki wata hanya. Babban Bankinta ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959 da fam na kansa. Da Ingila ta karya darajar fam ɗinta a Nuwamba 1967, Najeriya ta ƙi bin ta. A Janairu 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka sauya takardun kuɗi domin a kashe waɗanda ke hannun Biyafara. Sannan ranar 1 ga Janairu 1973, a mulkin Janar Yakubu Gowon, naira ta fito, biyu a fam ɗaya.

Zamanin da naira ke taƙama

Naira ta zo a kan gaɓa, domin a shekarar da ta fito farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya. A 1980 kwabo 55 ke sayen dalar Amurka, dalar kuma tana kan sefa 211 ko kusa da haka. Naira guda ke nan ta kusa sefa 400. Mafi ƙarancin albashin da aka yanke a 1981, naira 125, ya haura jaka hamsin idan aka juya shi a farashin banki. Shi ya sa 'yan ci-rani daga Tawa da Tasawa da Magarya suka yi ta kwarara Kano, masu ga-ruwa da masu shayi da masu gadi, su tara naira su koma gida da damina.

Sai dai wannan ƙarfi na takarda ne. Gwamnati ce ke yanke farashin, ita ke raba dala ta hanyar lasisin shigo da kaya, wanda bai samu ba kuma sai ya nemi wata ƙofa. Sefa ita ce ƙofar. Tunda ana iya mayar da ita faran a Paris ba tare da tambaya ba, ɗan kasuwar Kano da ke son biyan kaya a Turai sai ya sayi sefa a bakin iyaka, ko da tsada. A kasuwar bayan fage naira ba ta taɓa kai darajar da banki ke faɗa ba. Daga wannan giɓi, da kuma hana shigo da wasu kaya da Najeriya ta riƙa yi, Alhazan Maraɗi suka gina dukiyarsu: su yo odar atamfa da taba da shinkafa ta tashar Kwatano ko Lome, su sauke a Maraɗi, 'yan fito su ƙarasa da su Katsina da Kano. Masanin nan na Faransa Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986.

Da man ya faɗi, abubuwa suka dagule. Gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda a farkon 1983. A Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa ta sauya launin naira, aka ba da 'yan kwanaki kawai na canji. Duk wanda ke riƙe da tsohuwar naira a Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni ya wayi gari da takardun banza. Rufewar ta haɗu da farin 1984, hatsin Najeriya ya kasa ƙetarawa, har mutanen kudancin Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. Sai a Maris 1986 aka buɗe iyakar.

SAP a nan, karyewar sefa a can

A Satumba 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, ƙarƙashin shirin SAP, ta buɗe gwanjon kuɗin waje. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta koma wajen naira huɗu a 1987, takwas a 1990, ashirin da biyu a 1993. A 1989 aka fara ba 'yan canji lasisi, sana'ar da aka daɗe ana yi a Fagge ta samu rajista.

Nan take kaya suka juya. Da naira ta yi araha, robobi da sabulu da yadi da takalman masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da takin zamani da fetur masu tallafi, suka cika kasuwannin Nijar a farashin da ƙananan masana'antun can ba za su iya karawa da shi ba. Sefa kuma ta yi ta malala kudu, daga nan ta wuce Turai. A Agusta 1993 BCEAO ya daina karɓar takardun sefar da aka fitar wajen yankinsa, domin ya toshe wannan rami.

Bai isa ba. A taron Dakar na Janairu 1994, bisa matsin Faransa da Asusun Lamuni na Duniya, aka raba darajar sefa biyu: daga ranar 12 ga wata, sefa 100 ce faran ɗaya. Ma'aikacin Yamai ya ga kuɗin magani da na duk kayan waje sun ninka. Makiyayi da manomin wake kuwa sun samu kasuwa, domin dabbobinsu sun yi wa mai naira sauƙi. Amma garaɓasar ba ta daɗe ba. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafe dala a naira 22 a hukumance, alhali a Wapa ta haura 80, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 70 cikin ɗari a 1995. Cikin 'yan shekaru naira ta zubar da abin da ta samu a kan sefa.

Wannan ita ce karyewar sefa ta ƙarshe zuwa yau. Da yuro ya maye gurbin faran ranar 1 ga Janairu 1999, aka ɗaure ta a kan 655.957 a yuro ɗaya, kuma lambar ba ta motsa ba tun daga ranar.

Yadda ake fitar da farashin jaka

Ɗan canjin da ke zaune a kan benci da na'urar lissafi a hannu ba daga kansa yake yanke farashi ba. Lambobi biyu yake dubawa a waya: nawa dala take a naira, nawa take a sefa. Ta biyun kuwa ba a Yamai ake yanke ta ba, tana bin yadda yuro da dala suka kwana a kasuwannin duniya. A ce dala tana naira 1,550, tana kuma sefa 600. Jaka ɗaya ta zama dala ɗaya da kashi biyu bisa uku, wato kusan naira 2,580. A kan wannan zai ɗora ribarsa, ya ƙara ko ya rage gwargwadon buƙata: gabanin layya masu zuwa sayen dabbobi na neman sefa sai ta hau, ranar da 'yan Nijar suka cika Kantin Kwari da Singa da Dawanau suna neman naira sai ta ɗan sauka.

Da wannan lissafi ana iya bin sawun jaka shekara da shekaru. A 2000, da dala ke wajen naira 100 kuma yuro ya yi rauni, jaka ba ta kai naira 150 ba. A 2008 ta kusa 260, duk da cewa naira ta zauna daram a wajen 118 a dala. Yuro ne ya yi ƙarfi ya ja sefa sama. A 2015 tana wajen 330. Faɗuwar farashin mai ta sa Babban Banki ya saki naira a Yuni 2016, kuma a farkon 2017, da dala ta haura 500 a bayan fage, jaka ta kai wajen 800. Zuwa ƙarshen 2021 aka kai matakin da dattawan kasuwa ba su taɓa zato ba: naira ɗaya, sefa ɗaya.

Daga nan abin ya yi sauri. A Yuli 2021 Babban Banki ya daina sayar wa 'yan canji dala. Sauyin takardun naira na ƙarshen 2022 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, cinikin kasuwannin iyaka, wanda kusan duka hannu da hannu ake yi, ya tsaya cak. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin fetur, a tsakiyar Yuni kuma aka haɗe farashin canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 cikin kwanaki. A Fabrairu 2024 ta doshi 1,900 a bayan fage kafin ta sauko. Ana cikin haka sojojin Nijar suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta saka takunkumi, iyaka ta sake rufuwa har Maris 2024, bayan rufewar da aka sha daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020.

Abin lura shi ne, a watannin da Nijar ke cikin takunkumi, an yanke mata wuta an rufe asusunta, sefa ba ta girgiza ba, naira ce ta faɗi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa farashin jaka ba ma'aunin arzikin Nijar ba ne. Sefa kuɗin ƙasashe takwas ce, da kokon Kwaddibuwa da audugar Benin da zinariyar Mali duk a bayanta, ga kuma lamunin Faransa.

Wa ya ci, wa ya biya

A ɗauki ragon da makiyayi ya yi wa kuɗi jaka ɗari a wata kasuwar ƙauye ta jihar Damagaram. Ko da bai ƙara ko dala ɗaya ba tsawon shekaru, dillalin da zai kawo shi Kano ta Maigatari naira 26,000 zai canza a 2008, naira 33,000 a 2015, sama da naira 250,000 a 2024. Ba a sa kuɗin mota da na dusa da abin da ake bayarwa a shingayen hanya ba. Ma'aikacin da ke zagaya ragunan a Unguwa Uku yana jin farashi yana salati, yana zargin dillali da rashin tausayi, alhali mafi yawan ƙarin tun a bencin ɗan canji aka yi shi. Haka waken Nijar da ke sauka a Dawanau kafin ya watsu zuwa Tarauni. Haka kuma iyayen da 'ya'yansu ke karatu a jami'o'in Maraɗi, waɗanda kuɗin haya da na abinci ke ninkuwa a kansu ba tare da mai gida ya ƙara ko sisi ba.

Albashi ma ya ba da labari. Naira 70,000 da aka amince da ita a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba ta kai jaka talatin ba a canjin shekarar, alhali na Nijar an ɗaga shi zuwa jaka 42. Ɗan ci-ranin da a da yake tura kuɗi gida da fara'a yanzu yana ganin guminsa na wata guda ya narke a wurin canji. Da yawa sun karkata zuwa Aljeriya da Libiya da wuraren haƙar zinariya na arewacin Nijar.

Mai sefa kuwa Kano ta yi masa daɗi. Wanda ya kawo mara lafiya Asibitin Malam Aminu Kano daga Matamai ko Maraɗi, ya canza jaka ɗari, zai biya gwaji da magani da masauki a Gyaɗi-Gyaɗi da sauƙin da bai samu ba shekara goma baya. 'Yan kasuwar Kwari da Singa suna murna da irin waɗannan baƙi. Amma sauƙin da ke jawo su shi ke jan gero da dawa da masara zuwa arewa, kwanon awo ya ƙara tsada ga mai naira. Nijar ma ba ta tsira ba: janye tallafi ya kashe fetur ɗin bumburutu mai araha da garuruwan iyaka suka dogara da shi, makiyayanta kuma sun ga babban mai sayensu ya rasa ƙarfin aljihu.

Ƙarfin sefa yana da nasa farashi. Ƙasar da kuɗinta ke ɗaure da yuro ba ta da ikon sassauta shi don kare masana'antunta ko rage wa manomi tsadar bashi, kuma ana yanke manufar kuɗin a Dakar da la'akari da ƙasashe takwas masu buƙatu daban-daban. Takardun ma a Faransa ake buga su. 'Yancin naira shi ma da nasa: hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, a ƙasar da mafi yawan dalarta daga rijiyar mai take fitowa, gwamnatocinta kuma suka saba cike giɓin kasafi da bashin Babban Banki.

Abin da ke tafe

A Disamba 2019, a Abijan, Shugaba Alassane Ouattara na Kwaddibuwa da Shugaba Emmanuel Macron na Faransa suka sanar da daina ajiye rabin kuɗin waje na yankin a baitulmalin Faransa, amma ɗaurin yuro ya ci gaba. Kuɗin bai-ɗaya na ECOWAS, eco, an sha ɗage ranar fitowarsa, ta baya-bayan nan ita ce 2027. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a Satumba 2023, sun fice daga ECOWAS a Janairu 2025, Janar Abdourahamane Tiani na Nijar kuma ya fito fili ya danganta mallakar kuɗi da cikar 'yanci. Har yanzu dai sefa suke kashewa. Ranar da suka buga nasu, ɗan canjin Wapa zai rasa lambar nan guda da tun 1999 ba ta motsa ba, kuma dillalin rago zai shiga kasuwa da kuɗi biyu masu rawa a lokaci guda.

Kafin wannan rana akwai aikin da ke jiran hukumomi. Cinikin da ke tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi, mai ɗaukar dabbobi da hatsi da yadi na biliyoyi, har yau a buhu da aljihu ake ɗaukar kuɗinsa, ko a miƙa wa amintaccen ɗan canji a nan a karɓa a can ta waya. Banki kuwa sai ya bi ta dala ko yuro kafin ya haɗa naira da sefa, ya ci riba sau biyu. An ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi na Afirka, PAPSS, a Akara a Janairu 2022 domin a riƙa biya da kuɗin gida kai tsaye, amma bai sauko kasuwar Maigatari ko Dawanau ba. Layin dogo mai tsawon kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021 zai haɗa Kano da Maraɗi ya ƙara yawan kayan da ke ƙetarawa. Hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 take kuma da mazauni a Yamai, tana da hurumin zaunar da Babban Bankin Najeriya da BCEAO a kan buɗe tagar canjin naira da sefa kai tsaye a Jibiya da Maigatari da Kwangwalam da Illela, da farashin da ake liƙawa a fili kowace safiya, tun kafin jirgin farko ya tashi.